Aljeriya ko Maroko: amsa ga Baba Malam kan ƙanenmu da ya samu bak

Baba Malam barkanku da warhaka, Allah ya sanya albarka a wannan bak D, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, da ƙanenmu ya samu. Na ga tambayarku tun jiya, cewa yaro zai aje dosiyen neman burus, wato tallafin karatu a waje, kuma an ce mishi ya zaɓa tsakanin Aljeriya da Maroko, ku kuwa kun aje aiki fansho ne kaɗai ke shigowa, wace ce za ta fi mishi. Na ga wasu sun ce Maroko kawai don sun ga hotunan Kazablanka a Facebook. Ni dai duka biyun na zauna, lisans na yi a Tilimsan ta Aljeriya daga 2012 zuwa 2015, mastar kuma a Fas ta Maroko daga 2016 zuwa 2018, to abin da idona ya gani zan faɗa muku.

Mu fara da ciki Baba, don shi ne ke maido yara gida ba karatu ba.

A Aljeriya kana sauka za a ba ka ɗaki a site, wato gidan kwanan ɗalibai, kuɗin shekara guda bai kai abin da za ka kashe a cefanen yini ɗaya a kasuwar Dole ta nan Damagaram ba. Tiken resto, wato gidan abincin ɗalibai, dinari 1.20 ne, wallahi bai kai dala biyu na sefa ba, kuma da shi za ka ci wake ko adas ko taliya da burodi da yawurt, wata rana har da cinyar kaza. Bas ɗin ɗalibai shi ma kati ake yanka na shekara, ka hau ka sauka son ranka. Ba zan ce muku abincin na da daɗi ba, watan farko ina zuba yajin da Inna ta daka min a kan komai har abokin ɗakina ɗan Mali ya ce ko a shayi ma zuba shi nake, amma dai ba ka kwana da yunwa, kuma in ciwo ya kama ka asibitin gwamnati ba a tambayarka kuɗi. Matsalar lokacin bakans ce, in 'yan ƙasa sun tafi gida sai a tattara baƙi a site guda, resto ya rufe, kowa ya fiddo ɗan rishonsa na kuran ana dafa shinkafa a cikin ɗaki. Watannin nan ne kuɗin ajiya ke tafiya.

Maroko kuwa lissafin daban ne. A zamaninmu AMCI, hukumar Maroko mai ba baƙin ɗalibai burus, dirhami 750 take ba ɗalibi a wata, dirhami ɗaya wajen sefa 60 ne, kun ga jika 45 kenan. In an faɗa a Damagaram sai a ce kai, ai albashi ne. To amma ɗaki a site ba kowa ke samu ba, a Rabat akwai site na baƙi amma mu da aka tura Fas gida muka kama mu biyar, ni kaɗai ina zuba 500 na haya kafin a zo maganar ruwa da kuran da kwalbar gas da a lokacin take dirhami 40, sai kuɗin bas sai fotokofi da ba ya ƙarewa. Ranar 20 ga wata ta yi, bisara ce da burodi, wani faten wake ne da ake zuba mishi man zaitun, safe da dare. Ba don yayana da ke turo min jika 30 duk wata ba da ban gama ba, wannan gaskiya ce. Saboda haka kar wanda ya ce muku burus ɗin Maroko na riƙe yaro shi kaɗai.

Sai dai wajen turo kuɗin ne Maroko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ku tura da safe ya karɓa kafin azahar. A Aljeriya canji biyu ne, na banki da na bayan fage irin wanda ake yi a Skwar na birnin Alje, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce, in kun tura ta hanyar hukuma da canjin banki za a ba shi, a zamaninmu kusan kashi ɗaya cikin uku ke tafiya a iska. Shi ya sa muke zuwa da yuro a hannu ko a ba wani mai dawowa daga hutu saƙo.

Sanyi duka akwai, kuma hunturunmu na watan Janairu wasan yara ne. A Tilimsan na fara ganin ƙanƙara na zuba kamar audugar rimi, muka hau tudun Lalla Setti muna ɗaukar hoto kamar ƙauyawa. Amma can ɗakuna na da abin ɗumama ɗaki don gas ya yi musu yawa, a Fas kuwa gidan haya ba komai, cikin ɗaki ya fi waje sanyi, da jaket da safa biyu nake kwana. Bazararta kuma kamar Afrilun gida. Ɗauke ruwa dai bai taɓa damuna ko ina ba, wanda ya tashi yana tarar pampo ƙarfe ukun dare a Birni me za a nuna mishi.

Karatu kam tsarin ɗaya ne, LMD, lisans shekara 3 mastar 2, irin wanda ake yi nan jami'ar André Salifou. Fannin kimiyya da Faransanci aka koya mana duka ƙasashen biyu, sai dai malami na cikin bayani zai zame zuwa Darja, Larabcinsu na titi, aji ya fashe da dariya kai kana zaune kamar an dasa ka. Wanda ya yi makarantar allo ma ba ya tsira, don Darja ba Larabcin littafi ba ce. Aljeriya kuma tun 2023 suke ta tura Ingilishi cikin jami'o'insu, to in can zai je ya fara gyara Ingilishinsa tun yanzu. A ganina Maroko ta fi matsi wajen maki kuma ta fi haɗa ɗalibi da kamfanoni, istaj, wato koyon aiki a kamfani, na gaske za ka yi, ni a Kazablanka na yi nawa wata huɗu. A Aljeriya ka gama ka karɓi diplom ka kama hanya, ba aikin da baƙo zai samu da katin zaman ɗalibi, ko ɗan abin da yara ke yi lokacin hutu a ɓoye ne. A Maroko yaranmu da yawa santar dapel suke shiga, wurin amsa kiran waya na kamfanonin Faransa, su samu na haya, wasu ma daga nan suka zauna. Amma na ga waɗanda wannan aikin ya cinye musu karatu, shekara shida ba lisans, kunya ta hana su dawowa.

Akwai maganar da ba a so a faɗa wa iyaye, ni zan faɗa. Baƙar fata zai ji magana a titi duka wuraren biyu, a Aljeriya kahlush za su ce, a Maroko azzi, yawanci yara ne da matasan unguwa. Akwai ranar da wasu yara suka bi mu da jifa muna dawowa daga masallaci, wani tsoho ya fito daga shagonsa ya kore su ya zaunar da mu ya ba mu shayi yana ta ba mu haƙuri. Kuma a azumi ban taɓa buɗa baki ni kaɗai ba, abokan aji ke jan mu gidajensu a sha harira, uwar wani abokina har bargo ta ba ni. Abin da na lura, a Aljeriya zaman site ya sa muna rufe, daga aji sai ɗaki sai filin ƙwallo, ga yawan tambayar takardu saboda 'yan uwanmu da ke shiga ta Assamaka da In Gezam ana kwaso su, dole katinka na aljihu kullum. A Maroko kana cikin gari kana cuɗanya da mutane, ido ya fi buɗewa, kuma buɗewar ido ga yaro ɗan shekara 18 da ba mai ce mishi ina ka kwana, kun san abin da nake nufi.

Ta wajen addini hankalinku ya kwanta, Malikiyya ne duka, kuma Warsh suke karantawa irin na allonmu, ranar farko da na bi liman sai na ji kamar ina Zongo. Aljeriya Juma'a da Asabar ne hutunsu, Maroko Asabar da Lahadi. Na san kuma in aka ce Fas zuciyarku na can saboda zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, na sha zuwa wazifa ranar Juma'a kuma ba ka rasa jin Hausa a wurin. Amma Baba ai Shehun ma a Ainu Madi aka haife shi, cikin Aljeriya, Fas ɗin can ya rasu a 1815, kun ga ko ta nan ba wadda ta ci wata.

Kar kuma ya ce bari in fara nan in bai yi ba in tsallaka can. Daga Tilimsan zuwa Ujda ta Maroko bai kai kilomita 100 ba, bai kai rabin Damagaram zuwa Maraɗi ba, amma iyakar a rufe take tun 1994, tun 2021 ma ko jirgin sama ba ya tashi kai tsaye tsakaninsu. Ni sai da na dawo Yamai na sake dosiye daga farko, shekara guda ta tafi a zaman jira.

To ga nawa ganin. In kun san ba za ku iya fidda jika 30 zuwa 40 duk wata ba tare da gida ya girgiza ba, ku bar shi ya tafi Aljeriya ya yi lisans cikinsa a ƙoshe, mastar ya neme ta inda Allah ya buɗa. In akwai yayye ko kawu da zai ɗauki wannan nauyin da gaske, ba alkawarin ranar rakiya a tasha ba, kuma yaron mai kamun kai ne, Maroko za ta fi buɗa mishi ƙofa musamman in injiniya ko kwamfuta yake so. Ku dai kuka san ɗanku.

Ku turo min shi gobe bayan la'asar da takardar makinsa mu duba fannin da zai cika, kuma ku ce wa Inna ta fara tanadin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kilishi kuma a naɗe shi da kyau a tsakiyar kaya. Jaket kar a saya a nan, na gwanjon can ya fi kauri kuma ya fi araha.