Ɗakin gwajin ƙanjamau da na raka Yaya

Jiya na raka Yayata wani asibiti nan cikin birnin Katsina, ɗakin da ake gwajin ƙanjamau da ba da shawara. Mijinta shekara shida kenan yana shan maganin ƙanjamau, ita kuma duk gwajin da aka yi mata ba a ga komai ba, har dangi suka fara cewa ai jininta mai ƙarfi ne, kakarmu ta gado, ita ma ta hau ta zauna ta daina zuwa awo. Da ƙyar na jawo ta.

Wallahi ma'aikaciyar ta burge ni. Ba ta yi mata dariya ba, cewa ta yi "Hajiya zancen gado akwai shi, amma zauna ki ji." Ta juya bayan kati ta zana mana ƙwayar jini da wata 'yar ƙofa a jikinta, CCR5 sunanta, ta nan cutar ke shiga, ta ce a 1996 aka gano wasu ana haihuwarsu babu wannan ƙofar idan sun gada ta wajen uwa da uba duka, amma yawanci Turawan arewacin Turai ne, su ɗin ma kamar mutum 1 cikin 100, mu nan kusan babu. Ɓargon irin wannan mutum aka dasa wa wani mai ƙanjamau, Timothy Brown, a Jamus a 2007 har ya rabu da cutar. Akwai kuma masu gadon wata ƙwayar halitta mai suna HLA-B57, su cutar tana shiga amma jikin wasunsu ya danne ta shekaru, wani kuwa da wuri take kada shi.

Sai ta buɗe fayil ɗin maigidan da izininsa, ƙwayar cutar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta. Ta ce ga abin da ke kare ki bayan ikon Allah, maganin da yake sha kullum. Yaya shiru ta yi, na ga idonta ya kawo ruwa.

Abin da ya ɓata min rai bencin jira ne, a bakin hanya yake kowa ya wuce sai ya kalle ka, Katsina kuwa kowa ya san kowa, Yaya niƙabi ta sa. Awa biyu muna zaune. Don Allah ko labule a sa.

Gwajin kyauta ne, an ba ta ranar dawowa kuma ta ce ni zan sake rako ta.