Asusu mai gida uku da allon ayyuka: abin da na gani bayan wata shida

Wata shida ke nan da na saya wa jikana mai shekara takwas wani asusu na roba mai garai-garai, wanda aka raba cikinsa gida uku, aka rubuta wa kowane gida sunansa: ajiya, kashewa da kyauta. A cikin kwalin akwai allo na mannawa a bango mai layukan kwanakin mako, inda ake rubuta aikin da yaro ya yi da ladan da aka yanka masa, sai kuma alƙalami mai goguwa. Abin da ya sa na saye shi kuwa shi ne na lura yaron ya ɗauka cewa kuɗi daga jakata suke tsirowa, kuma na san wani rahoto da David Whitebread da Sue Bingham na Jami'ar Cambridge suka fitar a 2013 ya nuna cewa yawancin ɗabi'un yaro game da kuɗi sukan kafu tun yana ɗan shekara bakwai. Ke nan ma na ɗan makara.

Babban abin yabo a wannan asusu shi ne ana ganin abin da ke cikinsa. Asusun da ba a ganin cikinsa yana koya wa yaro haƙuri, amma ba ya nuna masa alaƙar guminsa da tarinsa, domin sai ranar da aka fasa yake sanin abin da ya tara. A makon farko jikana ya goge tagogi, ya cire ciyawa a lambu, ni kuma na biya shi da ƙananan sulalla da gangan domin ya sami abin rabawa. Ya zauna a ƙasa ya ƙirga su sau uku, ya yi ta jujjuya na ƙarshen a tafin hannunsa kafin ya yanke shawarar gidan da zai jefa shi. Ƙwallo yake so, don haka muka manna wata 'yar takarda a jikin gidan ajiya a daidai inda muka ƙiyasta tarin zai kai idan kuɗin sun cika, kuma tun daga ranar kullum da safe sai ya je ya auna tazarar da yatsunsa.

Gidan kashewa ne ya fi gwada ni. A mako na biyar ya kwashe duk abin da ke ciki ya sayi wata 'yar motar wasa wadda kowa ya gani ya san ba za ta yi ƙarko ba, na kuwa danne zuciyata ban ce uffan ba, tunda kuɗinsa ne kuma shi ya yi musu wahala. Kwana biyu ƙafar motar ta cire. Bai yi kuka ba, sai dai ya ce mini, “Kaka, cire ciyawa sau biyu ke nan ya tafi a banza.” Ban taɓa jin ya auna kaya da aiki ba sai ranar.

Inda nake da ƙorafi shi ne allon. Masu shi sun buga wasu ayyuka a jikinsa tun daga masana'anta, har da goge baki da gyara shimfiɗa, kowanne da gurbin rubuta lada, ni kuma na bi su ido rufe. Ba a yi wata guda ba na ce ya miƙo mini tabarauna da ke kan tebur, sai ya tsaya ya dube ni ya ce, “Nawa ne ladan wannan?” Laifin ba nasa ba ne, domin ni da allon muka koya masa cewa kowane motsi yana da farashi. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano wannan: a 1973 Mark Lepper na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun nuna cewa yaran da ke son zane, idan aka yi musu alkawarin tukuici kafin su zana, daga baya sukan rage zanen da suke yi don ra'ayin kansu. Abin da na yi shi ne na rufe waɗannan layuka da takarda, na zaunar da shi na bayyana masa cewa tsaftar jikinsa, gyaran ɗakinsa da aiken manya haƙƙi ne na zama a gida, ba a biya. Aikin lada shi ne wanda da ba shi ya yi ba da sai na nemi wani na biya. Sai da muka yi mako biyu yana ƙunƙuni kafin ya karɓa.

Ta fuskar ƙira, robar tana da ƙwari, ta faɗi sau da yawa ba ta tsage ba, amma bakin zuba kuɗin ya yi ƙanƙanta ga takardar kuɗi, sai an ninke ta sau huɗu, alƙalamin kuma ya bushe cikin wata biyu. Murfin ba shi da makulli, wanda da farko na ɗauka aibi ne, daga baya na ga shi ne ya sa yaron yake riƙe kansa da kansa.

Akwai manhajojin waya irin su Greenlight a Amurka da GoHenry a Birtaniya masu yin wannan aiki da katin banki, ana biyan kuɗin wata, kuma ina ganin sun fi dacewa da matashin da ya fara sayayya shi kaɗai. Ga yaro ɗan shekara biyar zuwa goma kuwa, lamba a fuskar waya ba ta da nauyin da sulalla ke da shi a hannu, don haka wannan asusu nake ba da shawara, da sharaɗin a gyara allon, a kuma yi shawara da iyayen yaron tukuna domin kada kaka ta biya abin da uwa ta ce wajibi ne. Ranar biya ma a tsayar da ita. Sau ɗaya na manta, ya zo da allon a hannunsa ya tsaya a gabana har sai da na buɗe jaka. Ƙwallon ya shiga hannunsa a wata na huɗu, yanzu kuma ya ɗaga takardar zuwa can kusa da murfi, wai keke yake hari.