Ni Na Ɗauki Ƙaramar GR86, Abokina Ya Ɗauki Ful Ofshin

A gida idan ka shiga wurin sayar da motoci, kafin ka gama sallama dillali ya tare ka: "Ranka ya daɗe, ful ofshin ce." Da jin wannan kalmar na tashi, har ta zauna mini a rai cewa duk motar da ba ful ofshin ba ta marasa ƙarfi ce, ana haƙuri da ita ne kafin Allah ya buɗa. Shi ya sa ranar da na sa hannu a takardar Toyota GR86 ƙirar 2022 a nan Ohio, na kuma zaɓi ƙaramar, wato mara ƙarin kaya, maimakon Premium wadda ita ce ful ofshin ɗinta, sai da na ji kamar na yi abin da ba a faɗa a majalisa. Yanzu motar ta ga hunturu uku a hannuna. Kuma na yi sa'ar abin gwadawa, domin wani abokina Bazazzagi da muke aiki tare ya sayi Premium a shekarar, muna musayar makulli in ta kama.

Shi ne ma ya fara tsokana. Yana ganin tayoyin motata ya kwashe da dariya, ya ce, "Bakano ke nan! Ka zo har Amurka ba ka bar son araha ba. Mutumina, araha fa ba ta ado." Na ce masa ya bari mu ga wanda kwalliyarsa za ta biya kuɗin sabulu.

Kuɗin da kamfani ya sa a lokacin shi ne dala 27,700 ga ƙaramar mai giyar hannu, Premium kuma 30,300, ban da dala 1,025 na kawowa. Wato tsakaninsu 2,600. Atomatik tana ƙara 1,500 a kan kowacce, amma mu duka biyun giyar hannu muka ɗauka. A shekarar motoci sun yi wuya, wani dila da na fara zuwa wurinsa ya ɗora nasa a kai ba kunya ba tsoron Allah, na tashi na ba shi wuri, na jira watanni a wani wajen.

Abin da ya sa na tsaya a kan ƙaramar shi ne buɗe bonet. Inji ɗaya ne sak: lita 2.4, silinda huɗu a kwance biyu na fuskantar biyu irin na Subaru, ƙarfin doki 228. Dama Subaru ce ke haɗa motar a masana'antarta ta Gunma a Japan, tare da 'yar uwarta BRZ. Giya shida iri ɗaya, ƙafar baya ke ja a duka biyun, na'urar Torsen da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya don kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza tana cikin kowacce. Birki ɗaya. Allon inci 8 mai ɗaukar Apple CarPlay da Android Auto ɗaya. Kamfanin ya ce mai giyar hannu tana kai gudun mil 60 cikin daƙiƙa 6.1, bai ware wa Premium wata lamba ta daban ba. Ko fetur ma, dukkanmu mai tsadar muke sha. To me dala 2,600 ke saya? Rim inci 18 baƙaƙe da tayoyin Michelin Pilot Sport 4, kujeru masu laushi da gefen fata waɗanda ke ɗumama, wani ɗan fiffike a kan but mai kama da bakin agwagwa, sifika takwas maimakon shida, fedal na alminiyom, fitilun da ke bin sitiyari a kwana, da na'urar da ke gargaɗi idan akwai mota a gefen da madubi ba ya nunawa.

Fiffiken da fedal da sifikun ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Fiffiken yana da kyau, na yarda, motar abokina ta fi tawa ɗaukar ido daga baya. Sifika kuwa, ko guda ashirin aka sa, motar tana da ƙarar taya a babban titi, kuma ni rabin abin da nake saurare karatu ne da labarai.

Taya ce maganar. Tawa ta zo da rim inci 17 da Michelin Primacy HP, irin tayar da masu tsohuwar 86, ƙirar da ta gabaci wannan, suka daɗe suna yi wa laƙabi da tayar Prius, don an taɓa sa irinta a waccan motar mai tsimin mai. Faɗinsu ɗaya da na abokina, milimita 215, amma robar ba ɗaya ba ce. Tasa tana manne wa kwalta kamar ƙaska a jikin sa. Tawa tana riƙewa zuwa wani wuri, daga nan ta fara kuka, in ka ƙara totur sai bayan motar ya ɗan goce a hankali, yana ba ka lokacin gyara sitiyari.

Na fara gane wannan a kan hanya mai lamba 555 da ke kudu da Zanesville, wata siririyar hanya mai hawa da gangara da kwana a kan kwana, wadda masu babura ke tururuwa zuwa. Da safiyar wata Asabar muka bi ta, shi a gaba ni a baya. A kwanar da nake jin sitiyari ya yi sauƙi a hannuna, kujera tana gaya mini cewa baya ya fara motsi, shi wucewa kawai yake yi kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Da muka tsaya shan shayi muka yi musaya. Motarsa ta fi tawa kaifi wajen shiga kwana, ba musu. Sai dai a gudun da mai hankali zai yi a titin jama'a, ba ka isa ka kai tayoyin nan iyakarsu ba, sai ka yi gudun da in barewa ta fito ko tarakta ta ɓullo daga bayan tudu, sai dai a yi salati. Tawa kuwa a gudun da bai kai a kama ka ba take fara hira da kai. Da ya fito daga cikinta yana murmushi, na ce, "Yaya dai, ɗan Zazzau?" Ya ce, "Tana da wasa." Daga bakin Bazazzagi zuwa ga Bakano, wannan yabo ne babba.

Duk wanda ya sayi sabuwar GR86 a lokacin ana ba shi rajistar shekara ɗaya kyauta da ƙungiyar National Auto Sport Association, da yini guda na koyon tuƙi a filin tsere. Mu namu a Mid-Ohio muka yi, a Lexington, tafiyar kamar awa ɗaya arewa da Columbus. Hular kwano a kai, malamin tuƙi a kujerar gefe. A nan kam Premium ta nuna kuɗinta. A doguwar kwanar da ake kira Carousel tayoyina suna ta ihu tun daga shiga har fita, ina kallon abokina yana ƙara nisa zagaye bayan zagaye. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Malamin da ke gefena, wani dattijo mai furfura, ya ce in bar kallon motar gaba in saurari tayar, duk lokacin da kukanta ya koma kururuwa to na shiga da gudu fiye da kima ko na murɗa sitiyari da gaggawa. Zuwa la'asar na iya riƙe kukan a murya ɗaya daga farkon kwana zuwa ƙarshe. Ban kamo abokina ba. Amma abin da na koya a yinin nan, tayar da ke yafe kuskure ba tare da ta faɗa maka ka yi ba, da wuya ta koya mini shi.

Sai hunturu ya zo, lissafi ya juya ta wani gefen da ban zata ba. Tayoyinmu duka na lokacin zafi ne, idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas robar takan fara taurarewa, a kan dusar ƙanƙara kuwa mota mai jan baya da irin wannan taya ba ta da maraba da kwano a kan tayil. Dole kowa ya nemi tayar hunturu. Ni na sa a rim ɗina na 17. Shi da ya ga kuɗin masu inci 18, ya kuma tuna ramukan da gishiri da ƙanƙara ke haƙawa a titunan Columbus kafin bazara, sai ya sayi wasu rim 17 daban ya ajiye baƙaƙen a gareji. Wata huɗu a shekara motarsa tana tafiya da ƙafa irin tawa. Na kuwa tuna masa, fiye da sau ɗaya. Kaurin gefen tayar 17 ya fi na 18 da kusan santimita ɗaya, kuma wannan santimitan shi ne ke tsakanin "dum" da ka ji ka wuce, da tsayawa a gefen titi kana duba ko rim ya lanƙwashe.

Amma shi ma ya samu inda ya rama, kuma ramuwar ta fi zafi, ko in ce ta fi sanyi. Daga gidana zuwa masallaci tafiyar minti shida ce. A watan Janairu, da Asuba, hitar mota ba ta ba da ɗumi sai inji ya yi zafi, injin kuwa bai gama farkawa ba na isa. Haka nake zuwa a takure, haƙora na haɗuwa, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a hammata, in fito da shi in sa giya in mayar. Wata rana motata tana wurin bakanike ana canza mai, ya biyo ya ɗauke ni. Ya danna wani ɗan maɓalli a tsakanin kujeru bai ce komai ba. Kafin mu kai danja ta biyu na ji ɗumi yana ratsa bayana kamar an jingina ni da bangon ɗakin da aka kwana da wuta. Ɗumin kujera na lantarki ne, ba ruwansa da zafin inji. Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Alhaji, in kashe ne? Na ga kamar ba ka son kayan ƙawa." Na ce masa ya kula da hanya.

Ramuwa ta biyu ta fi wannan nauyi. GR86 gajeriya ce ƙwarai, tsayinta daga ƙasa bai wuce mita 1.3 da ɗan kai ba, kana zaune kanka yana daidai da hannun ƙofar manyan a-kori-kura da suka cika titunan Amurka. Gilashin gefe na baya ɗan ƙarami ne. Wani dare a kan I-270, titin da ya kewaye Columbus, ana yayyafi, na sa sigina na duba madubi na fara komawa dama, sai hon ya tashi a kunnena. Wata ƙaramar mota ce ta maƙale daidai inda madubi ba ya kaiwa. Laifina ne, ban waiga ba. Allah ya kiyaye, na koma layina jikina na rawa. A motar abokina da wata 'yar fitila ta kunnu a madubin tun kafin in taɓa sitiyari. Tun daga daren nan na daina yi wa wannan na'ura kallon kayan ƙawa. Fitilu masu bin kwana ma haka, wanda ya taɓa tuƙi da dare a ƙauyukan Ohio a watan Nuwamba, lokacin da barewa ke tsallaka titi ba sallama, ya san amfanin ganin cikin kwana kafin ka shige ta.

Da a ce ita kaɗai ce motata, kullum ina kan babban titi da ita zuwa aiki, rani da hunturu, da Premium zan saya ban yi dogon tunani ba, kuma saboda kujera da madubin nan ne, ba don rim ko fiffike ba. Idan aka raba 2,600 a kan shekarun biyan bashin mota, ba wani abu ba ne a wata, kuma waɗannan abubuwa biyu ba a sa su daga baya yadda kamfani ke sa su. Taya kuwa ko yaushe ka ga dama ka canza. To amma ni akwai Sienna ta iyali a gida, ita ke ɗaukar yara da cefane da tafiyar nesa. Uwargida ma sau biyu ta taɓa shiga GR86. Ta leƙa kujerun baya, waɗanda ko ɗan shekara goma sai ya naɗe ƙafa, ta ce, "Baban yara, wannan mota ce ko gidan ashana?" A wannan ba ƙarama ba Premium, duk ɗaya ne. An ce dai idan ka kwantar da kujerun, tayoyi huɗu na shiga, na kuma gwada da na hunturu, sun shiga.

Abin da na yi daga baya bai kai a yi alfahari da shi ba. Na sayi 'yan ƙananan madubai masu ƙoƙo na manna a kusurwar manyan, na koya wa wuyana waiwaye kamar ɗan koyo. Na sayi wata shimfiɗar kujera mai ɗumi da ake jonawa a soket, wayarta na reto kusa da giya, muninta ya isa. Abokina ya ɗauke ta hoto ya tura wa mutanenmu, aka yi kwana biyu ana yi da ni.

Bara tayoyin da motar ta zo da su suka cinye. Na je shagon taya, mai shagon ya duba kwamfuta ya ce akwai masu kama kwalta irin na abokina a girman 17, bambancin kuɗin ba yawa, yau ɗin nan zai ɗaura mini. Ga damar da na yi shekara biyu ina cewa ita ce hujjata ta sayen ƙaramar. Na tsaya ina shafa robar, ina tuna Carousel da motar da ke ƙara nisa a gabana, ina kuma tuna hanyar 555 da bayan motata yana gocewa a hankali ina tarbe shi da sitiyari. Na ce ya sa mini irin na da. Ya ce sai an yi oda, kwana uku. Na ce zan jira.