Kafin ka sayi kwanon rufi, ka sa mayen ƙarfe a aljihu

Duk wanda gininsa ya kai linta ya san daga nan ne lissafi ke fara rikicewa, domin kuɗin rufi ba a tara shi da bulo ɗari yau ɗari gobe kamar na gini, lokaci ɗaya ake zuba shi, katako da kusa da kwano da kuɗin kafinta duk a tare. To jama'a da yawa suna tambaya wane kwano ya fi, kuma amsar da nake bayarwa ba ta canzawa, in dai aljihunka zai ɗauka ka sa alminiyam dogo wanda masu sana'ar ke kira lonsifan, kauri milimita 0.55, ka huta. Amma bari in bi sauran tukunna don kar a ce na yi son kai.

Kwanon bandir na gargajiya, wannan fari mai ƙyalli da ake ɗaurewa falle 20 a bandir, ƙarfe ne aka shafa masa zinki a sama don ya kare shi daga tsatsa, ranar da shafin ya cinye shikenan sai ka ga rufi ya koma ja. Na zamanin iyayenmu yana da kauri shi ya sa har yau za ka ga tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da rufinsu, na yanzu kuwa wani in ka ɗaga falle ɗaya iska ma lanƙwasa shi take yi a hannunka. Ya yi wa shago, rumfar awaki, ko ɗakin da kake so a shiga kafin damina ta sauka, ban da wannan ba na ba kowa shawararsa. Asbestos kuma kar ma a kawo maganarsa, ƙurarsa in ana yankawa ko ya tsufa yana farfashewa tana jawo cutar daji a huhu, ƙasashe da dama sun haramta shi tuntuni.

Sai aluzinki, shi ma ƙarfe ne a ciki amma shafin da aka yi masa gauraye ne, kashi 55 cikin ɗari alminiyam sauran yawanci zinki da ɗan silikon, ya fi kwanon bandir daɗewa sosai kuma yana da ƙarfi, ba shi da laifi in an sayar maka da shi da sunansa da farashinsa. Laifin yana zuwa ne in an shafa masa fenti mai kyau an ce maka alminiyam ne, zan dawo kan wannan.

Wanda ake yayi yanzu shi ne mai tsakuwa ɗin nan da kowa ke kira Gerard ko da ba kamfanin ne ya yi shi ba, asalin fasahar daga New Zealand ta fito, ƙarfe ne mai shafin aluzinki aka manna masa ɓarɓashin dutse a sama. Gaskiya yana da kyau a ido kuma ruwan sama ba ya ƙara a kansa sosai. Amma yana cin katako don ƙananan falle ne sai an jera katako kusa da kusa, yana son rufi mai tudu sosai, kuma a garuruwanmu da hunturu ke sauke ƙura wata da watanni, tsakuwar nan riƙe ƙura take yi, rufin da aka saya baƙi ko ja sai ya koma kalar ƙasa har sai ruwan farko ya wanke shi. Jabunsa kuma yana da yawa a kasuwa, in ka murza da yatsa tsakuwar ta zubo maka a tafin hannu to ajiye musu kayansu.

Yanzu ga dalilina na alminiyam. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, da iska ta taɓa shi yake yi wa kansa wani siririn shafi da ke hana shi ci gaba da lalacewa, ko fentin ya koɗe bayan shekaru kwanon na nan. Ba shi da nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe mai kauri ɗaya da shi, don haka katako ba ya wahala. Babban abin da ya fi burge ni shi ne a injin ake yanka maka shi daidai tsawon rufinka, daga ƙololuwa har bakin indararo falle ɗaya babu haɗi a tsakiya, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana jan katifa daga wannan lungu zuwa wancan ya san yawancin yoyo daga wurin haɗi da ramin kusa yake farawa. In ka zaɓi kala mai haske, fari ko ruwan toka ko ruwan madara, ɗaki ya fi sanyi a watan Afrilu, ni ban gane masu sa baƙin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ba, sai dai in wutar sola ce ta ishe su. Akwai shi iri biyu da aka fi gani, mai miƙaƙƙen layi da kuma mai hawa-hawa kamar tayil wanda ake cewa sitef-tayil, na biyun ya fi ado amma ya fi son kauri, in ka yi shi da siriri duk inda kafinta ya taka sai ya lotsa.

Yana da nasa halin, ba zan ɓoye ba. Yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi fiye da ƙarfe, falle mai tsawon mita 10 zai iya motsawa kusan santimita ɗaya tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji a sama wajen azahar, ba aljanu ba ne. Ruwan sama na da ƙara a kansa in babu silin mai kyau. Ɗanyen siminti yana cin sa, don haka in za a yi filasta a jikin bangon da ya zagaye rufi a shimfiɗa buhu ko leda, kar magini ya bar maka dunƙulen kwaɓi ya bushe a kai. Sannan 'yan gwangwan suna sayensa da daraja, in ginin a bayan gari yake babu mai gadi babu maƙwabci, wallahi ana iya kwance maka rufi cikin dare ɗaya, gara ka jinkirta rufin har sai ka shirya sa mutum a ciki.

To yanzu mu zo kan ha'inci, don a nan ne kuɗin mutane ke tafiya. Kwano ana sayar da shi ne da kauri, 0.45, 0.50, 0.55, har 0.70 ga masu hali, kuma bambancin 0.45 da 0.55 ido ba ya ganinsa, yatsa ma ba kowane ke ji ba. Ni an taɓa yi min, na biya kuɗin 0.55 ta hannun kafinta, aka kawo kaya da yamma liƙis an kusa kiran magariba, ledarsa a jiki sabo fil yana sheƙi, washegari da sassafe aka hau bugawa. Hadarin farko na damina, irin wanda ke tasowa daga gabas da jar ƙura kafin ruwa, ya ɗaga gefe guda, da muka hau dubawa sai ga kusoshin nan zaune daram a jikin katako da hulunansu, kwanon ne ya yage ya fita ta kansu ya bar ramuka zagaye kamar an huda da almakashi. Da aka auna guntun da ya faɗo ko 0.40 bai cika ba. Na koma wurin mai kayan ya ce "Alhaji ai abin da kafintanka ya ce a yanka kenan", kafinta kuma ya ce "ranka ya daɗe ni abin da suka ba ni na kawo", rasit ɗin kuma ba a rubuta kauri a jiki ba, mita da kuɗi kawai.

Saboda haka abu na farko, ka je da ƙafarka inda injin yake. A Kano ka zaga Ƙofar Ruwa ka ji farashi, a Abuja akwai Dei-Dei, ka tambayi wuri uku ko huɗu kafin ka tsaya, in wani ya faɗo ƙasa da kowa sosai a kauri ɗaya to ba sauƙi ya yi maka ba, kaurin ne ba ɗaya ba. Farashi ba zan rubuta ba don da dala yake tafiya, abin da na faɗa yau sati mai zuwa ya zama ƙarya.

Ka tafi da mayen ƙarfe, ko na jikin tsohuwar sifika ne ya isa. Alminiyam ba ya kama mayen ƙarfe ko kaɗan, in ka ɗora ya manne to ƙarfe ne aka yi wa fenti, aluzinki ne ko ma ƙasa da haka, duk rantsuwar da za a yi maka kar ka saurara. Wannan gwajin ko yaro zai iya, kuma za ka ga yadda fuskar mai shago ke canzawa tun kana zaro shi daga aljihu.

Kauri kuma da maikuromita ake aunawa, wani ɗan ƙarfe ne mai kama da ƙugiya da ake murzawa ya matse kwanon ya nuna lamba. Kowane mai injin yana da shi, amma nasa ne, kuma ana iya saita shi ya ƙara. Ka ce a rufe shi babu komai a tsakani ka ga ko yana kan sifili, in da hali ka ari na wani makaniki ko mai walda ka zo da shi. A ɓare ledar da ke jiki kafin a auna don ita ma tana da nata kaurin, kar a auna a bakin da aka yanka inda ƙarfen ya ɗan tattare, a shiga ciki kaɗan, kuma a auna wuri biyu ko uku. In babu abin awon akwai sikeli, alminiyam shimfiɗaɗɗe mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi in 0.55 ne zai yi wajen kilo ɗaya da rabi, 0.45 wajen kilo 1.2, in ka ga bai kai kilo ɗaya ba to ka san inda aka dosa. Ka sa a yanko maka daga naɗin alminiyam ɗin da za a ɗora a injin a yi maka aiki da shi, ba wani guntu da aka ajiye a kan tebur don nuna wa baƙi ba, wannan guntun kullum mai kauri ne.

Kuma kar ka biya ka tafi ka ce a aiko. Ana nuna maka naɗi mai kyau, kana juya baya a ɗora wani a injin mai kala iri ɗaya, ko a yi maka rabi da rabi, na kirki a saman lodi siriri a ƙasa. Ka zauna a yanka a gabanka ko ka bar ɗan'uwanka da ba ya jin kunyar magana, in kaya sun iso gida a sake aunawa daga tsakiyar lodi kafin a sauke, kuma da rana. Akwai satar tsawo ma, a rage santimita kaɗan a kowane falle, a falle ɗaya ba komai ba ne amma a rufin gida guda kuɗi ne, ka sa tef ka auna wasu. Faɗi shi ma ka tambaya, faɗin naɗi daban, faɗin da zai rufe bayan injin ya lanƙwasa shi an kuma ɗora wani kan wani daban, da na biyun ake lissafin falle nawa kake buƙata. Rasit kuwa a rubuta komai, alminiyam, kauri kaza, kala kaza, mita kaza, da hatimin shagon. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana kama kwanon da bai kai ma'auni ba lokaci zuwa lokaci, amma ba za ta zo ta tsaya maka a bakin injin ba.

Maganar kafinta, ba duka ne macuta ba, akwai masu tsoron Allah sosai, amma kamasho ya zama al'ada, mai shago yana ba shi wani abu a kan kowace mita in ya kawo ciniki, kuma daga kaurin kwanonka ake cire wannan kuɗin. Shi ya auna rufi ya ba ka lissafi, kai ka sayo, ka biya shi kuɗin aikinsa da kyau ba tare da ka matse shi ba.

Ko ka samu 0.55 na gaske, kusa za ta iya ɓata maka aiki. Kusar ƙarfe zalla in ta haɗu da alminiyam ga danshi, wurin yana ci a hankali har ramin ya buɗe, ka nemi kusar alminiyam ko sukuru mai shafi, mai roba a ƙarƙashin hula, kuma robar ka lanƙwasa ta ka gani, in ta tsage tun a shago to rana ɗaya ta bazara za ta gama da ita. A buga a kan tudun kwano ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Katako a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, wasu na amfani da baƙin mai, kuma a ɗaure katakon da ke kan bango da langa-langa ko rodi tun daga cikin kankaren linta, don sau da yawa iska ba kwano kaɗai take ɗauka ba, da katakon gaba ɗaya take tafiya ta ajiye a gidan maƙwabci. In irin rufin nan ne da ake ɓoyewa a bayan bango, to indararon ya zama mai faɗi kuma kowace shekara kafin watan Mayu a hau a kwashe ƙasa da ledojin da iska ta tara, in ba haka ba ruwa zai taru ya koma ta ƙarƙashin kwano ya sauko maka ta silin, ka yi ta zagin kwano alhali ba laifinsa.

In kuɗin 0.55 bai kai ba, 0.45 na gaske wanda ka auna da hannunka zai yi, sai a matso da katakon kusa da juna don kar ya yi ciki. In shi ma bai samu ba ka sa aluzinki mai kauri da sunansa, ya fi maka siririn alminiyam da za a ce maka 0.55 ne.