Turken mage a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa, ina fata an kai gero rumbu lafiya. A gaida Inna da su Baffa. Ka ce duk saƙona kukan sanyi ne da tsadar haya, to yau ga wanda za ka kai majalisa bayan la'asar a yi ta dariya: Asabar ɗin da ta wuce yini na yi ina gyara wa mage turke.

Ba turken ɗaure ta ba ne, kada ka ce na mai da ita akuya. Wani gungume ne da ake kafawa a kan faifan katako, a nannaɗe shi da igiya, don ta riƙa kartar sa. Mage ba ta iya zama ba ta yi yakushi ba. Da shi take zubar da tsohon ɓawon farcenta, ta miƙe jiki, ta kuma bar warin tafinta a wurin. Magen gidanmu da ke gadin rumbu tana da darbejiya da ginshiƙin rumfa da ƙyauren Inna, babu wanda ya taɓa kashe mata ko sisi. Tamu ta nan Leeds kuwa a bene take, ba ta da komai sai kushin da kafet ɗin mai gida, kuma ba kyanwar Lami ba ce. Kuɗin ajiyar da ya karɓa kafin ya ba mu mabuɗi na hayar mako 5 ne, duk abin da ta yaga a ciki zai cire. Cire mata farata gaba ɗaya kuwa laifi ne a dokarsu ta kare dabbobi ta 2006. Tun watan Yunin 2024 ma dole a sa wa kowace mage wata 'yar na'urar shaida ƙarƙashin fata, in ba haka ba tara tana iya kai fam 500.

To, igiyar turken ta tsittsinke, ta zama kamar gemun masara. Hankalina ya tafi inda naka zai tafi, wato a nemo kafinta. Maƙwabcina Bature ya dube ni kamar na ce zan kai ashana gyara. Ya ce a jefar a sayi sabo, gobe a kawo har bakin ƙofa. Kuma lissafinsa bai karkace ba, domin a watan Afrilun 2025 an mai da mafi ƙarancin ladan awa ɗaya fam 12.21, mai sana'ar hannu kuwa ninkin wannan yake karɓa tun kafin ya taɓa guduma. Kuɗin zuwansa kaɗai ya fi na ƙaramin turke sabo. A nan kaya ne ke da araha, hannun mutum ke da tsada. Shi ya sa ba za ka ga mai ɗinkin takalmi yana yawo da akwati ba, balle mai liƙin bokiti.

Ni dai raina bai ba ni in zubar ba. Na warware tsohuwar igiyar, sai ga abin kunya: gungumen nan ashe bututun kwali ne mai kauri, ba itace ba. Da kafintan garinmu ne ya yi wannan, da sunansa ya ɓaci har Gumel.

Na sayo igiya mita 30. Sisal suke kiranta, zaren wani tsiro ne ɗan asalin Meziko da ake nomawa sosai a Barazil da Tanzaniya. A hannu kamar igiyar ramarmu take, sai dai ta fi kaushi, kuma kaushin mage ke so. Sai ka sansana kafin ka saya, akwai wadda ake shafa wa mai, warinta kamar kalanzir, mage ba ta kusantar ta. Na kafe bakin igiyar a gindi da ƙusa, na dinga naɗawa ina ja da ƙarfi, duk bayan 'yan zagaye in bubbuga da guduma don kada a bar giɓi. Kan ƙusa kuma dole ya nutse, kada farce ya maƙale. Na ƙara ɗaure gindin, domin turke in yana rawa sau ɗaya za ta gwada ta koma wa kushin. Ina cikin naɗin nan sai na tuna Baba a zaure yana tufka, ya danne bakin igiya da babban yatsan ƙafa. Ban san hannuna ya riƙe abin ba sai ranar.

Da na gama, gimbiyar ta zo ta sansana, ta juya ta tafi abinta. Kwana 2 tana gaba da shi. Uwar yara ce ta ce warinta na raba ta da shi, ta ciro guntun tsohuwar igiyar daga shara ta ɗaura a sama. Kafin magariba muka ji kar-kar daga falo.

In ka shiga Maigatari ran Alhamis, don Allah tambayo mini nawa ake sayar da igiyar rama yanzu, mai kaurin ɗan ƙaramin yatsa. Kada ka gaya wa mai igiyar abin da za a yi da ita.