Wata bakwai ina neman takardu a manhajar ajiye fayil, ga abin da na gani

Ni dai rabin aikina a ofis shi ne "don Allah nemo min takardar nan". Oga zai leƙo ya ce wasiƙar nan da muka rubuta bara kan gyaran janareta fa, ba lamba ba kwanan wata, shi ke nan ya juya ya tafi. Da can komai namu a folda yake, folda cikin folda cikin wata foldar, sunayen fayil ɗin kuwa sai addu'a, "sabo", "sabo na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre 2". To yanzu wata bakwai ke nan da aka kawo mana manhajar ajiye takardu, ba zan kama sunanta ba don kusan duk irinsu haka suke aiki, kuma ɓangaren bincike kawai zan yi magana a kai don shi na fi taɓawa.

Abin da ya fara burge ni, ba sunan fayil kaɗai take dubawa ba, har cikin takardar take shiga. Na rubuta janareta na danna, kafin in ɗauke hannu ta jero min wasiƙar, da rasit ɗin, har da wani rahoton taro da aka ambaci kalmar sau ɗaya tak a shafi na tara, kuma ta haska wurin da kalmar take. Wallahi ranar sai da na yi dariya ni kaɗai.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙar, kuma ban gane ba sai da na sha wahala. Takardar da aka yi wa sikanin, hoto ce kawai, ko da an ajiye ta a PDF kwamfuta ba ta ganin rubutu a ciki, sai an bi ta da abin da ake kira OCR, wato manhajar da ke karanta hoton ta mai da shi haruffa. Mu kuma don tsumulmular wuri muka yi ta sikanin a dpi 150, dpi ɗin shi ne ma'aunin kaifin hoton, alhali 300 ake so in ana son karatun ya fito da kyau. Sakamakon? Sifili ya koma harafin O, 1 ya koma l, rn ta koma m, sai ka nemi lambar rasit a ce maka babu alhali ga ta nan a zaune. Wannan laifinmu ne ba na manhaja ba, sai da muka sake sikanin wajen kwali biyu, kuma duk wadda aka buga wa hatimi a kan rubutu ko aka sa ta a karkace har yanzu sai a hankali.

Inda kuma nake ganin gazawar daga wajenta take shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Ita a wurinta ƙasa daban kasa daban, to wani ma'aikacin yana sa ƙ wani ba ya sawa, OCR ɗin ma wani lokaci ya karanta ɗ a matsayin d wani lokaci ya kawo wata alama da ba a san kanta ba. Dole nake nema sau biyu, ko in haɗa su da OR a tsakani ta kawo min duka. Akwai dabarar tauraro ma, in ka rubuta kwangil ka sa * a ƙarshe za ta kawo kwangila da kwangilar da kwangiloli gaba ɗaya, wannan ya taimake ni sosai tunda kalmominmu wutsiyarsu ba ta zama wuri ɗaya. In kuma jimla kake so daidai yadda take sai ka sa ta cikin alamar zance, in ba haka ba ta kwaso maka duk takardar da ke da ko ɗaya daga cikin kalmomin, ka ga ɗaruruwa.

Wani abu da ya taɓa ɗaga min hankali, na nemi wani fayil da na tabbata da idona na gan shi an saka, babu. Na zaci an goge, har na fara tunanin wa zan tuhuma, ashe ba ni da izinin ganinsa ne, kuma ita ba ta cewa akwai amma an kulle, shiru kawai take yi kamar ba a taɓa yinsa ba. Na gane hikimar, takardun albashi ba na kowa ba ne, amma sabon shiga zai ruɗe. Haka in ka loda takarda yanzu-yanzu ba lallai ta fito a bincike nan take ba, sai ta gama karanta ta.

Tacewa kuwa ba ni da ƙorafi, kana iya cewa rasit kawai, na 2023 kawai, daga wane kawai, sai jerin ya tsuke. Sai dai a lura da kwanan wata guda biyu ne, ranar da aka rubuta takarda da ranar da aka loda ta, wasiƙar 2019 da aka loda bana in ba a gyara mata ba cikin na bana za ta faɗa. Shi ya sa yanzu muka tsayar da doka, duk mai lodawa sai ya cike nau'in takarda da sunan mai aikowa, sunan fayil kuma ya fara da shekara, wata, rana, kamar 2024-03-15, don su jeru da kansu. Wasu na ta gunaguni wai ɓata lokaci ne, amma su ne dai masu zuwa teburina in abu ya ɓace musu.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba ta. Ɗayan na riƙe ne saboda ƙ da ɗ, da kuma rubutun hannu da har yau ba ta iya karantawa yadda ya kamata, tsofaffin rajistocinmu suna nan a kwali ina shigar da bayanansu ɗaya bayan ɗaya, na kai na watan Yuni.