Wayar ofis biyu: ƙarin lamba a gaba ko raba lambobi?

Mai ofis a Jidda da masaukin alhazai a Makka, in ya haɗa na'urorin wayarsa ta SIP (tsarin kiran waya ta intanet), zaɓi biyu ne gabansa.

Na farko, kowa ya riƙe lambarsa ta cikin ofis, a ƙara 8 a gaba in za a kira ɗaya ofishin: a danna 8105 daga Jidda, na'ura ta cire 8, ta tura 105 Makka. Babu wahalar farawa. Sai dai sabon ma'aikaci a cunkoson Hajji yakan manta 8 ɗin, kiran ya faɗa teburin maƙwabcinsa, alhaji na can yana jira.

Ni na fi son na biyu: Jidda 100 zuwa 199, Makka 200 zuwa 299. Sau ɗaya za a sha wahalar sauya lambobi, kuma lambar mai kira tana fitowa yadda za a mayar masa kai tsaye.